Akwatin da Ake Kwancewa: Kwamfutar Gida Tsakanin Fagge da Sabon Gari

Ba kasafai ake sayen kwamfutar gida a dunƙule a Kano ba. Yadda talaka yake gina gida haka ake yin ta: bana a tayar da ɗaki, baɗi a yi rufi, in Allah ya hore a sa ƙofa. Mutum zai sayi akwatin a wannan shago, ya tsallaka titi ya sayi monita, kibod kuwa aro ne daga aboki, aron da kowa ya san ba za a mayar ba. Bayan wata shida a ƙara mata RAM, bayan shekara a sauya mata rumbun ajiya, har a wayi gari babu abin da ya rage na asali sai ƙarfen akwatin. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar shekarun 2010 haka aka yi ta yi, kuma mafi yawan wannan hada-hada ta gudana ne a wani ɗan yanki da mutum zai iya ratsawa a ƙafa kafin la'asar ta yi sakaliya, daga titin Beirut Road zuwa France Road a Sabon Gari.

Wurin ba a banza ya zama haka ba. Tun kafin zuwan Turawa, Fagge zango ce a wajen ganuwa, inda ayarin fatake daga Sahara suke sauke kaya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai kasuwanci ya karkato wajen tasha. Kwarori 'yan Siriya da Lebanon suka kafa kantuna a kudancin Fagge, abin da ya bar mana sunan Beirut a jikin titi har yau, sannan wajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka taso daga kudu. Tun daga lokacin, duk wani sabon abu da ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, ta nan yake shiga Kano: keken ɗinki, garmaho, rediyo, rikoda, bidiyo. Kowanne kuma in ya zo, ba a jimawa sai ka ga mai gyaransa ya kafa teburi a gefen mai sayarwa. Kwamfuta ta tarar da wannan shiri a zaune. Ga 'yan canji kuma a Wapa, cikin Faggen dai, inda farashin kowane kayan lantarki yake fara tashi kafin ya isa shago.

A farkon shekarun 1990 kwamfuta kayan banki ce da manyan kamfanoni da jami'a. Talaka ya fara taɓa ta ne ta hannun wani, a shagunan buga takardu da ake kira bizines santa, inda ta kori tafireta a hankali. Ka kai takardar neman aiki ko katin biki ko kundin kammala karatu, a buga maka, a caje ka shafi-shafi, in kana da hali ka sayi faifan fulofi a zuba maka aikin. Fulofin nan megabait 1.44 kacal yake ɗauka, wato hoto ɗaya na wayar da ke hannunka yanzu ba zai shiga ba. Wannan lokaci ya zo daidai da bunƙasar littattafan da aka laƙaba wa adabin kasuwar Kano. Marubuci ko marubuciya su cika littafin makaranta da biro, a kai wa mai buga rubutu, a tsara shafuka a PageMaker, a zana bango a CorelDraw, a miƙa wa maɗaba'a. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Abin da ya shigar da kwamfuta ɗakunan mutane shi ne gwanjo. Kamfanonin Turai da Amurka suna sauya kwamfutocin ofis duk bayan 'yan shekaru, kuma fargabar da aka yi cewa tsofaffin na'urori za su rikice da shigowar shekarar 2000 ta sa an yi sauyin da yawa a lokaci ɗaya. Tsofaffin suka cika kwantena suka nufo Legas, aka baje su a Alaba da kasuwar kwamfuta ta Ikeja, daga nan motocin dare suka hauro da su arewa. A 2005 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka mai suna Basel Action Network ta fitar da rahoto a kan Legas, inda ta ce kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ne ke shigowa duk wata, kuma 'yan kasuwar da kansu sun shaida mata cewa kusan kashi 75 cikin ɗari na kayan shara ne da ba ya gyaruwa. Ragowar kwatan nan shi ne ya zama kwamfutar gidan Kano. Ana ce mata tokumbo, ana ce mata 'yar Beljiyam. Za ka ga Dell ko Compaq ko IBM da tambarin wani kamfanin inshora manne a gefe, wani lokaci ma ka kunna ka tarar da takardun mutanen ba a goge ba.

An yi yunƙurin haɗa ta gida. Zinox ta Leo Stan Ekeh ta fito a 2001 da alamar naira a kan kibod, ga kuma Omatek ta Florence Seriki, gwamnatin Obasanjo ta umarci ma'aikatu su riƙa sayen irinsu. Amma wannan cinikin ofis ne. Ɗalibi da malamin makaranta da mai shagon hoto gwanjo suka nufa.

Ita kuwa gwanjo tana da tarkonta. Wadda ta fito daga Amurka an saita ta a kan wutar bolt 115, mu kuwa tamu 230 ce. A bayan akwatin akwai wani ɗan jan maɓalli da ake turawa gefe. Wanda bai sani ba ya jona ta haka, sai ya ji tau, hayaƙi ya tashi, kuɗin da ya shekara yana tarawa ya koma wari. Wannan ɗan maɓalli ya ciyar da masu gyara da yawa a France Road.

Littattafan koyon kwamfuta da muka karanta a jami'a, waɗanda aka rubuta a ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa, suna cewa in za ka inganta na'urarka ka fara da masarrafa ko RAM. A Kano ba haka jerin yake ba. Abu na farko sitabilaiza ce, domin wutar NEPA tana iya zuwa kamar kyandir, an jima ta zo kamar walƙiya. Na biyu UPS, wannan ɗan akwati mai batir da yake ba ka minti biyar ko goma ka adana aikinka in an ɗauke wuta, yana yi maka kuka kamar ɗan tsako. Na uku ƙaramin janareta, wanda ake yi wa laƙabi da na fi maƙwabcina. NEPA ta zama PHCN a 2005, a 2013 kuma rabon wuta a Kano ya koma hannun KEDCO, amma jerin nan bai motsa ba sai da inbata da sola suka yi araha. Ko sauya monita da mutane suka yi daga mai ƙeya zuwa shafal ba don ado ba ne kawai. Mai ƙeyar tana shan wuta ninkin shafal ɗin ko fiye, tana cinye batirin UPS kafin ka rufe fayil, ga zafi da take zubawa a ɗaki a watan Afrilu.

Sai an gama da wuta ake buɗe ciki. Windows XP da ta fito a Oktoban 2001 tana iya tashi da RAM mai megabait 64, amma tashin gurgu. Microsoft ta ba da shawarar 128, wanda ya kai 256 kuwa sai a riƙa zuwa ɗakinsa kallo. Sayen RAM ya koya wa yara da yawa darasinsu na farko a injiniyanci, domin iri-iri ne, SDRAM da DDR da DDR2, kowanne da inda aka yi masa tsaga, kuma ba ya shiga ramin ɗan'uwansa ko ka danne da gwiwa. Mai wayo yakan ciro nasa ya naɗe a takarda ya tafi da shi kasuwa. Ga maus mai ƙwallo a ciki, wanda ƙurar hunturu take toshewa duk mako, sai an kwance an kankare da farce. Ga ramukan baya guda biyu masu kama ɗaya, shuɗi-shuɗi na kibod, kore na maus. Firinta kuwa, duk wanda ya sayi mai tawadar ruwa don arahar ta, zafin Kano ya busar masa da ita. Araha ba ta ado. Tsohuwar LaserJet ta HP ce ta riƙe gari, saboda ana yi mata ɗurin garin tawada a shago sau da yawa kafin kwanson ya gaji. Faifan sidi mai megabait 700 ya kori fulofi, filas ya kori sidi, filas ɗin kuma ya zo da tasa annobar, domin duk wanda ya shiga kafe ya fito sai ya kwaso ƙwayar cuta ya kai gida.

Kibod ne ya fi kowanne ban tausayi, kuma a kansa nake so in daɗe. Gwanjo ba ta zaɓe: wanda ya fito daga Ingila yana da alamar fam, na Jamus ya musanya Y da Z, na Faransa da Beljiyam ya fara da A inda aka saba ganin Q. Duk wannan ana jurewa, yatsu su saba. Abin da babu a ko ɗayansu shi ne ɓ da ɗ da ƙ. Waɗannan haruffa masu lanƙwasa sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da ake shirya littattafan Hausa a Zariya, kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. Maɗaba'ar dalma ta iya su. Kwamfuta, da ta zo da sunan ci gaba, ta mayar da mu baya: ƙasa ta zama kasa, ɓari ya zama bari, ɗaki ya zama daki, aka bar wa mai karatu aikin canka.

Tsarin Unicode, wanda ya bai wa kowane harafi na duniya lambarsa, ya tanadi waɗannan haruffa tun farkon shekarun 1990. Sai dai tanadi a takarda daban, a same su a cikin Arial ko Times New Roman na wancan lokaci daban. A wannan giɓi ne Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffan Hausa, Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka bazu daga kwamfuta zuwa kwamfuta a shagunan buga takardu. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce aron gurbi. A ɗauki maɓallin da Hausa ba ta bukata, kamar q ko x ko v, ko wata alamar baka, a zana harafi mai lanƙwasa a wurinsa. A allo ka ga ƙ, a takarda ta fito ƙ, amma a cikin cikinta kwamfutar q ta sani. Dabara ce mai kyau ƙwarai a zamaninta, da ita aka buga littattafai da jaridu da kundayen digiri masu ɗimbin yawa. Illarta ba ta bayyana sai fayil ya bar gida. Da zarar an buɗe shi a inda babu zubin, ko an ɗora shi a intanet, sai ka ga qasa da xaya da varawo, ko }asa da ]aya. Duk wanda ya taɓa cin karo da rubutun Hausa mai irin wannan kama, to sawun wancan zamani ya taka. Sai a kan Windows Vista, wadda ta fito wa jama'a a 2007, manyan zubin haruffan Microsoft suka samu masu lanƙwasar, Windows 7 kuma ta zo da tsarin kibod na Hausa a 2009. Kafin labarin ya isa shaguna, waya ta riga ta karɓe rubutun.

Intanet kuwa a kafe akasarinmu muka fara ganinsa. Layin NITEL da modem mai kukan ƙwari, wanda iyakar gudunsa kilobit 56 ne a daƙiƙa, na 'yan ƙalilan ne. Kafe-kafen Sabon Gari da Fagge da sauran unguwanni sun dogara ne da faranti a kan rufi mai magana da tauraron ɗan'adam, a raba abin da ya samo wa kwamfuta goma sha ko ashirin. Ka sayi tikitin awa ɗaya, rabinsa ya tafi a jiran akwatin Yahoo ya buɗe. Shi ya sa aka ƙirƙiro kwanan kafe, a rufe ƙofa da ku tun bayan isha sai asuba, lokacin da layi ya yi sauƙi. Da hukumomin jarrabawa irin su JAMB da WAEC suka mayar da rajista da duba sakamako kan intanet da katin kankarewa, sai kafe ya zama dole har ga uban da bai taɓa riƙe maus ba.

A can duniya an yi yaƙin burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Netscape ta fito a 1994, Microsoft ta mayar da martani da Internet Explorer a 1995 ta cusa ta a cikin Windows, har gwamnatin Amurka ta kai ta kotu a 1998. Kafin intanet ya kankama a Kano an gama wannan yaƙi, mun tarar da shuɗin harafin e a kan allo, mutane da yawa ma sun ɗauka shi ne intanet ɗin. Namu yaƙin a kan wani abu daban aka yi shi: wace ce za ta buɗe shafi kafin tikiti ya ƙare.

Firefox da ta fito a Nuwamban 2004 ta samu karɓuwa a kafe saboda tana buɗe shafuka da yawa a taga ɗaya, ka saki biyar suna lodi kana karanta na shida. Tana da wata falala kuma da masu Hausa suka lura da ita: in zubin shafi ba shi da ɗ, sai ta aro daga wani zubin, alhali Internet Explorer 6 takan ajiye maka ɗan akwati fanko. Amma wadda ta fahimci talaucin layinmu da gaske ita ce Opera ta ƙasar Norway. Opera Mini, da ta bazu a duniya a 2006, ba ta ɗauko shafi kai tsaye. Sai ta aika buƙatarka zuwa kwamfutocin kamfanin, su matse shafin, wani lokaci har da kashi 90 cikin ɗari, sannan su turo maka. A 2009 aka sa irin wannan dabara a ta kan tebur da sunan Turbo. A shekarun da modem ɗin Starcomms da Multi-Links da Visafone, sannan na MTN da Glo, suka kai intanet ɗakunan mutane ana ƙirga megabait kamar ƙwayar gero a shekarar fari, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Chrome ta Google ta zo a Satumban 2008 da sauri da tsabta, sai dai kowane shafi da ka buɗe tana ware masa nasa kason na RAM, saboda haka a kan tsohuwar Pentium 4 takan zauna kamar buhun siminti a kan jaki. Ta kori mutane da dama zuwa kasuwa neman ƙarin RAM, kuma a ganina babu wata manhaja da ta yi wa masu shagunan Beirut Road ciniki kamarta. Yau zaɓin ya zama kusan na suna kawai. Opera ta koma kan injin Chrome a 2013, Edge ta Microsoft ta bi sahu a 2020, aka yi wa Internet Explorer ritaya a Yunin 2022. A cikin sanannun da ke kan Windows, Firefox ce kaɗai ta rage da injin kanta, dalilin da ya sa har yanzu nake ajiye ta a kwamfutar aikina.

Wayar salula ta shigo a Agustan 2001 da Econet da MTN, Glo ta biyo a 2003. Kusan shekara goma bayan haka, da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, Main One da Glo-1, suka fara aiki a Legas a 2010, kuma wayoyin Android masu araha suka cika gari, sai ɗakin da ke da kwamfutar tebur ya fara zama abin tarihi. Shagunan Beirut Road da yawa suka koma waya da laftof, kasuwar Farm Centre ta tashi, kafe-kafe suka rufe ko suka rikiɗe zuwa cibiyoyin jarrabawa bayan JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Akwatin bai mutu ba, ya dai koma wurin masu sana'a: masu tace finafinan Kannywood, situdiyon waƙa, masu zanen kati da fosta, masu tura finafinai a waya, da irinmu masu rubuta manhaja. Ga waɗannan, sauya tsohon rumbu mai juyawa da SSD shi ne gyara mafi riba da aka taɓa yi, domin yana mayar da na'ura mai shekara goma kamar budurwa. Sai dai dala da ke ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati a 2015 ta haura 1,500 a 2024, kuma Windows 11 ta ƙi karɓar galibin masarrafan da suka girmi 2017, ga Windows 10 an sa mata wa'adin Oktoban 2025. Wannan na nufin wani sabon tulin gwanjo daga ofisoshin Turai, na'urori masu ƙoshin lafiya da takarda ta ce sun tsufa. Linux tana tafiya a kansu lafiya lau, kuma ba baƙuwa ba ce a nan. Akwai waɗanda suka fara saninta ta faifan Ubuntu da kamfanin Canonical yake aikowa kyauta ta gidan waya, har zuwa 2011 da ya daina.

Akwai abin da aka rasa a wannan sauyi wanda ba a cika faɗa ba. Kwamfutar tebur da noti biyu take buɗewa. Yaro yana iya leƙa cikinta, ya ga fanka da waya da allon uwa, ya cire wannan ya mayar da wancan, in ta ƙi tashi ya saurari kukanta ya gane RAM ne bai zauna ba. Da yawa daga cikin masu rubuta manhaja da masu haɗa hanyoyin sadarwa na Kano da suka kai shekara talatin zuwa arba'in yau, a gaban buɗaɗɗen akwati suka fara, wasu a matsayin yaran shago, tun kafin su ga ƙofar jami'a. Wayar da ta gaje ta an liƙe ta da gam, batirinta ma ba ya fita.

Sai kuma littattafan nan da na ce a riƙe. Rubutun da aka buga a bizines santa tsakanin shekarun 1990 da 2000, sau da yawa marubucin bai taɓa mallakar fayil ɗinsa ba. Yana cikin kwamfutar mai shago. Shagon ya tashi, ko ya koma sayar da caja, ko wuta ta ci shi, kamar yadda gobarar Maris ɗin 2016 ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari. Akwatin da ya tsira yana ƙarƙashin gado ko a sito, har ranar da ɗan jari-bola zai zo ya auna shi a kilo. Rumbun da ke ciki irin mai faffaɗar igiya ne da ake kira IDE, wanda sababbin kwamfutoci ba su da raminsa, amma akwai 'yar mahaɗa da ke jona shi ta USB, ana samunta a Beirut Road. In rumbun ya juya, fayilolin PageMaker galibi suna bukatar tsohuwar manhajar kafin su buɗe daidai, domin Adobe ta daina ta tun 2004. Na Word kuwa suna buɗewa kai tsaye, da qasa da xaya ɗinsu, kuma mayar da su ƙasa da ɗaya aikin 'yan layukan umarni ne da ɗalibin aji ɗaya a sashen kwamfuta zai rubuta kafin shayinsa ya huce. Rumbun da ya shekara goma sha biyar bai juya ba kuwa, wani yakan tashi a jonawar farko, wani ya yi ƙas-ƙas sau uku ya yi shiru.